Kakan iyalina ya tashi a gidan marayu a Liverpool: ta ina zan fara neman asalinsa?

Wani ɗan'uwa mazaunin Ingila ne ya aiko da tambayar. Yana auren Baturiya, yaransu sun fara tasawa suna tambayar dangin uwarsu, abin da gidan suka sani kuma bai taka kara ya karya ba. An haifi kakan matar a Liverpool a 1907, an ce maraya ne, a gidan marayu ya girma, yana da yaya mace da aka ce ta tafi Kanada ba a sake jin ɗuriyarta ba. Takardar haihuwarsa na hannunsu. Wurin haihuwa an rubuta 144A Brownlow Hill, gurbin sunan uba kuwa layi aka ja. Sun duba taswira ba su ga gida mai wannan lamba ba.

Malam, ku daina wahalar da kanku da taswira, babu gidan da za ku gani. Wannan lamba ta gidan gajiyayyun Liverpool ce, wanda Turawa ke kira workhouse. Tun 1904 babban magatakardan haihuwa na Ingila ya ba da shawarar a daina rubuta sunan gidan gajiyayyu a takardar jariri, a sa lambar titi kawai, don kada abin ya zame wa yaro tabo idan ya girma ya je neman aiki. Gidan na Brownlow Hill yana cikin mafiya girma a ƙasar, yakan ɗauki mutum fiye da 3,000 a lokaci guda. An rufe shi a ƙarshen shekarun 1920, aka rushe, kuma a kan filinsa babban cocin Katolika na birnin yake zaune yau. To kun ga takardar da kuke ganin ba ta ce komai ba, ita ce ta buɗe muku ƙofa.

Amma kada ka yi saurin yanke cewa a can uwarsa take zaune. A 1907 ɓangaren jinya na gidan gajiyayyu shi ne asibitin talaka. Mace mai aikatau a gidan masu kuɗi, ko wadda mijinta ya bi jirgin ruwa, ko wadda ta yi ciki ba aure uwar ɗakinta ta kore ta, sai ta shiga kwana kaɗan kafin naƙuda, ta haihu, ta yi mako biyu ko uku, ta ɗauki jaririnta ta fita. Wasu sun fita ke nan har abada. Wasu kuma ƙafarsu ba ta ƙara ɗaukewa daga bakin ƙofar ba. Rajista ce kaɗai za ta faɗa maka wace ce a ciki.

Abu guda nake so ka riƙe, don shi ne zai hana ka yawon banza. Bature bai rubuta sunan talaka don ya ajiye tarihinsa ba, ya rubuta ne don an kashe masa kuɗi, kuma masu biyan haraji za su tambayi inda kuɗin ya shiga. Kowane burodi, kowane takalmi, kowane akwatin gawa sai an ɗora shi a asusun wata hukuma. Saboda haka kafin ka tambayi ina yaron ya zauna, tambayi wa ya biya kuɗin cinsa. Inda hukumar da ta biya ta ajiye littattafanta, can sunansa yake.

Dokar talakawa ta 1834 ce ta kafa tsarin. Ta haɗa ƙananan gundumomin coci rukuni-rukuni, kowane rukuni ana ce masa Poor Law Union, yana da kwamitin zaɓaɓɓun masu kula da ake kira Board of Guardians, yana da gidan gajiyayyunsa. Ingila da Wales suna da irin waɗannan fiye da 600. Da gangan aka tsananta zaman gidan don kada mai sauran ƙarfi ya yi sha'awar shiga. Ana raba miji da mata a bakin ƙofa, a raba uwa da 'ya'yan da suka yi wayo, maza su fasa dutse, a ba wasu tsohuwar igiyar jirgin ruwa mai kwalta su yi ta warwarewa da yatsu. Haka aka tafi har 1 ga Afrilu 1930, ranar da aka rushe kwamitocin aka miƙa aikinsu ga majalisun gundumomi da na birane, sannan a 1948 aka binne dokar baki ɗaya, gine-gine da yawa suka koma asibitocin gwamnati.

Liverpool tana da tarko a nan, kuma mutane da yawa sun faɗa. A 1907 hukumomi uku ne ke rabon talakawan birnin. Tsakiyar gari na hannun kwamitin gundumar Liverpool, wanda sunansa ma daban ne, Select Vestry, shi ke da Brownlow Hill. Unguwannin kewaye na hannun West Derby, mai gidaje a Mill Road da Walton. Kudancin gari kuma Toxteth Park ce, gidanta na Smithdown Road. Sai a 1922 aka haɗe su ƙarƙashin West Derby. Matar da ke kama ɗakin haya na mako-mako tana iya tashi daga wannan titi ta koma wancan, tafiyar minti goma, ta fita daga littafin wannan hukuma ta shiga na waccan. In ka ga sunanta ya ɓace daga Brownlow Hill, kada ka ce ta mutu ko ta bar gari, leƙa sauran biyun. Ni kaina na taɓa ɓata mako uku a wani gari ina juya littattafan hukumar da ba ita ba, saboda na ɗauka sunan unguwa shi ne sunan hukumar da ke kula da ita. Ashe iyakar ta bi ta tsakiyar titin ne, gidan mutanen yana ɗaya hannun.

Abin da ya tsira na waɗannan hukumomi uku yana ma'ajiyar tarihin birnin, Liverpool Record Office, a cikin babban ɗakin karatu na titin William Brown. An ɗora wani kaso na rajistocin gidan gajiyayyun a shafin Findmypast, sai dai kada ka ɗauka abin da ke intanet shi ne duka. Shafin da Peter Higginbotham ya kafa, workhouses.org.uk, da ɗan'uwansa childrenshomes.org.uk, za su nuna maka tarihin kowane gida da inda takardunsa suke. Kyauta ne, kuma da su nake fara kowane aiki.

Idan ka je, littafin da ya kamata ka fara nema shi ne rajistar addini, creed register. Tun 1869 doka ta wajabta wa kowane gida ya rubuta ɗariƙar duk wanda ya shigo. Mutane kan tsallake shi saboda sunan, alhali sau da yawa ya fi littafin shiga da fita amfani. An fi jera shi bisa harafin farko na suna, don haka ba sai ka san ranar shigowa ba, kuma a gidaje da yawa akwai gurbin inda aka fito da gurbin sunan ɗan'uwa ko aboki da adireshinsa. Wannan gurbi na ƙarshe shi ne zinariyar. A nan za ka ga "'yar'uwa" ko "uwa" da lambar gida, dangin da ba wanda ya taɓa ambata muku. A Liverpool kuma addinin kansa jagora ne, domin birnin cike yake da Katolikan Ailan, kuma an saba tura yaron Katolika makarantun da cocinsa ke riƙe da su. Kalma ɗaya a wannan gurbi tana iya raba maka hanya biyu.

Da ranakun da ka samo sai ka koma littafin shiga da fita. Shi ana cika shi kullum: suna, shekarar haihuwa, sana'a, rukunin abincin da aka sa mutum, wanda ya ba da umarnin a karɓe shi, dalilin zuwa, sannan ranar fita da yadda aka fita. Ba zan manta wani da na buɗe a wata ma'ajiya ba, ƙaton littafi da sai an sa masa matashin soso kafin a buɗe, fensir kaɗai aka yarda ka riƙe a ɗakin. Ina bin wata mata da yaranta uku. A hunturu guda na ƙirga shigarta sau shida. Ta shigo, a raba ta da yaran, bayan kwana goma ko sha biyu a rubuta ta fita bisa buƙatarta, tare da yaran duka, domin doka ba ta yarda uwa ta fita ta bar wa hukuma 'ya'yanta ba. Kwana uku sai ga su sun dawo. A shiga ta ƙarshe, a jerin masu fita sunan ƙaramin ne kaɗai, da kalma ɗaya a gabansa, ya mutu. Jikokinta sun tashi da labarin wai ta watsar da 'ya'yanta. Littafin ya nuna mace ce da ta yi ta ƙoƙarin fita da su, sanyi da yunwa suna maido ta.

Wannan ya kawo ni kan maganar maraici. Ka shirya wa iyalinka zuciya, domin da yawa daga yaran waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye. Akwai wanda uwarsa na kwance a ɓangaren jinya, akwai wanda ubansa ya gudu, akwai wanda uwarsa ta koma aikatau inda ba a karɓar mai goyo. "Ni maraya ne" ita ce amsar da ta fi sauƙi a bakin mutumin da ba ya son a tona, wani lokaci kuma abin da aka faɗa masa ke nan yana yaro ya yarda. Kuna da sa'a da shekarar haihuwarsa. Ƙidayar 19 ga Yuni 1921 ta tambayi kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ko iyayensa duka na raye, ko uba ya mutu, ko uwa, ko dukansu. A ranar yana da 13 ko 14, ya shiga cikin waɗanda aka tambaya. An buɗe wannan ƙidaya ga jama'a a Janairun 2022. Haɗa ta da ta 2 ga Afrilu 1911, lokacin yana ɗan shekara uku ko huɗu, ka sami sanduna biyu da za ka ɗaure igiyarka. Bayansu akwai rami: takardun ƙidayar 1931 sun ƙone a gobara a 1942, ba a yi ta 1941 ba saboda yaƙi, sai rajistar jama'a ta 29 ga Satumba 1939, wadda ke ba da cikakkiyar ranar haihuwa da sana'a.

To ina aka kai shi? A zamaninsa an riga an fara jin kunyar barin yara a cikin gidan gajiyayyu tare da manya, har aka yi umarni a 1913 cewa daga 1915 kada yaron da ya wuce shekara uku ya haura mako shida a ciki. Tsohuwar makarantar Kirkdale da Liverpool ke tara yaranta an rufe ta a 1904, don haka kada ka nemi shi a can. Abin yayi a lokacin shi ne ƙananan gidaje a wajen gari, kowanne da "uwar gida" da yara kamar ashirin zuwa talatin, ana ce musu cottage homes. Na Select Vestry suna Olive Mount a Wavertree, na West Derby suna Fazakerley, waɗanda aka buɗe a 1889. Wasu yaran kuma an ba da su riƙo a ƙauye ana biyan mai riƙon kuɗin mako, wasu samarin an kai su jirgin horo don su zama ma'aikatan jirgin ruwa. Duk inda aka kai shi, in dai hukumar ce ke biya, zai fito a rajistar yaranta da kuma littafin zaman kwamiti. Littafin zaman yana da gajiyarwa, kwangilar gawayi da farashin dankali sun fi yawa a ciki, amma can ne ake rubuta ranar da aka ba da yaro koyon sana'a, da sunan ubangidan, da ranar da wata ta zo ta ce ɗanta ne a ba ta.

In ba ka same shi a hannun hukuma ba, to ƙungiyar agaji ce ta ɗauke shi, kuma nan hanya ta canza, domin takardun waɗannan ba sa ma'ajiyar gwamnati, suna hannun ƙungiyoyin ko magadansu. Gidajen Dakta Barnardo, da suka fara a Stepney ta Landan a 1870, sun fi kowa ajiya. Sukan rubuta labarin yaro da na danginsa ranar da aka karɓe shi, kuma tun shekarun 1870 suke ɗaukar hoton yara. Suna da sashen da ke amsa wa dangi, ana biyan kuɗi, ana kuma jira. Ƙungiyar cocin Ingila da Edward Rudolf ya kafa a 1881 ita ce The Children's Society a yau, ta 'yan Methodist ta 1869 kuma ita ce Action for Children. Na Katolikan Liverpool, ƙungiyar da ke ɗauke da sunan Fada Nugent ce ta gaji aikin. Kowaccensu za ta nemi shaidar cewa mutumin ya rasu da shaidar dangantaka, don haka iyalinka ce za ta sa hannu a wasiƙar, ba kai ba. Ta haɗa takardar mutuwar kakan, da takardar haihuwar mahaifinta ko mahaifiyarta, da tata. Haka ma a ma'ajiyar gwamnati: an saba rufe takardun yara da na jinya shekara 100, nasa na ƙuruciya yanzu sun fita daga wannan wa'adi, amma na shekarun baya-baya sai da waɗannan shaidu.

Maganar yayarsa da Kanada kuwa, kada ku ɗauke ta tatsuniya. Daga 1869 zuwa shekarun 1930 an kwashi yara fiye da 100,000 daga Birtaniya zuwa Kanada, maza aikin gona, mata aikatau, kuma da yawansu daga tashar Liverpool suka tashi. A birnin akwai Liverpool Sheltering Homes da Louisa Birt ta buɗe a 1873, tana tura yara Knowlton a lardin Quebec. A 1925 gidan ya koma hannun Barnardo, takardunsa ma can suka bi. Nemo sunan yarinyar tukuna. Fihirisar haihuwa ta GRO, wato babban ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na Ingila, da ke intanet tana nuna sunan gidan uwa kafin aure, kuma ga yaron da aka yi wa rajista ba uba gurbin yakan zo babu komai, don haka sai ka bi sunan uwar da gundumar da shekarun da suka gabaci 1907. Da sunanta da shekararta sai ka shiga ma'ajiyar tarihin Kanada, wadda ke da jerin waɗannan yara kyauta a ƙarƙashin Home Children, da sunan jirgi da ranar sauka da ƙungiyar da ta kawo su. In hukumar talakawa ce ta biya kuɗin jirginta, sai da aka kai ta gaban alƙali ta ce ta yarda, kuma littafin zaman kwamiti zai ambata. Ƙidayar Kanada ta 1921 da ta 1931 duk a buɗe suke, za ka iya samunta a gidan wani manomi an rubuta ta 'yar aiki.

Bari in ɗan ratse. Mu ma muna da irin wannan a gida, ko da yake ba a cika zancensa ba. A farkon mulkin Turawa an buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru da wani a Barno, inda ake tara yaran da aka ƙwato daga hannun fatake. A 1909 aka miƙa yaran Zungeru ga gidan 'yan mishan na Rumasha da aka sa wa sunan Lucy, matar Karl Kumm, jagoran mishan ɗin. Su ma an yi musu rajista saboda dalili guda, gwamnati na kashe kuɗi. Mai neman wannan zare, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ce wurin farawa.

Sunan uba shi ne mai wuya, kuma ba zan yi maka alƙawari ba. Wani lokaci uwa kan kai ƙara ƙaramar kotu a tilasta wa namijin biyan kuɗin ciyarwa, in an yi haka sunansa na rajistar kotun. Wani lokaci kan ɓoye sunan a matsayin sunan tsakiya na yaron, don haka sake duba takardar haihuwar da kyau. Sunan uban da za ka gani a takardar aurensa kuwa ka yi taka-tsantsan da shi, domin ango da yawa da ba su san ubansu ba sun ƙirƙiro suna a gaban limamin coci, suka ce marigayi ne, don kada a ji kunya gaban surukai. Gwajin DNA yana warware irin wannan a yau, amma yakan fito da 'yan'uwan da su ma ba su san da ku ba, sai a yi shawara a gida kafin a tura.

Ka kuma gargaɗi iyalinka kan harshen littattafan. Magatakardan wancan zamani ba ya sakaya magana. Zai rubuta shege, zai rubuta dolo, zai rubuta mashayiya, mai ƙazanta, kuma mai riƙe da alƙalamin ne ya yanke hukunci, wadda aka rubuta ba a tambaye ta ba. Sunaye ma sukan sauya, ana rubuta su yadda kunne ya ji, shekaru kuma a ƙara ko a rage. In suna ya ɗan bambanta amma ranar haihuwa da sunan uwa da addini sun dace, shi ne.

Kada ka tsaya a kan yaron, bi uwar har ƙarshe. In ta mutu a gidan, rajistar mutuwa za ta nuna ko dangi sun karɓi gawa ko hukuma ce ta binne. Waɗanda gundumar Liverpool ta binne a wancan lokaci akan kai su maƙabartarta ta Walton Park da ke Rice Lane, a kabarin haɗaka, mutum da yawa a rami guda, babu dutse babu suna. Rajistar maƙabarta ce ke riƙe da sashe da lambar kabari. Idan za ka rubuta wa ma'ajiyar Liverpool, sa cikakken sunanta kamar yadda yake a takardar haihuwar ɗanta, da ranar haihuwar, da 144A Brownlow Hill, ka tambaye su waɗanne rajistocin addini da na shiga da fita da na yara suka tsira daga 1907 zuwa 1921, kuma ka nemi su ajiye maka kujera kafin ka kama hanya.